Sai miya ta ƙare ake sanin maci tuwo

A daminar 2024 majalisarmu ta mutu da ranta. Mutanen na nan, bencin na nan, mai shayi na nan yana fifita wuta, amma hira ta ɗauke ɗif. Inda a da ake raba dare ana musun ƙwallo da siyasa, sai ka tarar da mutum takwas kowa ya sunkuyar da kai, yatsu huɗu a kan gilashin waya, ƙas-ƙas-ƙas kamar kaji sun samu tsaba. In ka yi sallama a amsa maka ba tare da an ɗago ba. Wani direban Adaidaita da ke zama da mu ya ƙware har yana dangwale da hagu yana kurɓar shayi da dama. Ƙanena kuwa wayoyi uku ya tara: tasa, da ta mahaifiyarmu, da wata tsohuwa mai fasasshen gilashi da ya karɓo a wurin mai gyara. Na taɓa ce masa, "Kai yanzu wannan wasa kake ko aiki?" Ko kallona bai yi ba ya ce, "Yaya, bari dai ta fashe."

Ban ga laifinsa ba. An cire tallafin mai shekara guda kafin nan, dala ta kai wajen naira 1,500, kuma ga shi ido ya gani. Notcoin, wasan dangwala gilashin waya don tara sulallan kirifto, wanda aka buɗe a Telegram ranar 1 ga Janairun 2024, ya tara mutum miliyan 35, da aka kai sulallansa kasuwa ranar 16 ga Mayu wasu sun kwashi kuɗi na gaske. Hotunan alat suka cika Facebook. Yaran da ake yi wa dariya jiya suka wayi gari ana ce musu 'yan baiwa. Daga nan kowa ya sha alwashin ba za a sake tafiya a bar shi ba. Hamster Kombat ya zo a kan gaɓa, har masu shi suka ce sun tara 'yan wasa miliyan 300, adadin da ya fi mutanen Najeriya kaf. Aka yi rabo ranar 26 ga Satumba, akasarin mutane suka tashi da 'yan daloli, kafin Nuwamba masu buɗe wasan a wata sun koma kimanin miliyan 41. Mutum wajen miliyan 260 sun watse cikin 'yan watanni, ba sallama ba bankwana.

A wurinmu ma haka aka ƙare. Ɗaya daga cikin wasannin da ƙanena ya fi sa wa rai, abin da ya ba shi bai mayar da kuɗin data da na caji ba. Ya mayar wa mahaifiyarmu wayarta, musu ya dawo majalisa.

Masu gina dandali a kan bulokcen, wato kundin nan na intanet da ba ya hannun mutum ɗaya, ciwon kansu ke nan tun fil azal. Tara jama'a ba wuya, in dai ka ce za a raba wani abu. Zaunar da su ne jidali. Magunguna biyu aka fi gwadawa. Na farko a ce yi wasa a biya ka. Na biyu a ce yi rubutu a biya ka. Masu goyon bayan wasa suna nuna alƙaluma, kuma alƙaluman nasu manya ne. Masu goyon bayan rubutu ba su da abin nunawa sai 'yan tsirarun mutane da suka ƙi tafiya. Ni na taɓa duka biyun, kuma ina tare da 'yan tsirarun nan, duk da cewa na san ƙazantar da ke gidansu fiye da wanda ke leƙe ta taga. Ma'aunina ɗaya ne: ranar da farashin sulalla ya faɗi, wa ya sake dawowa washegari?

Wanda yake son ganin yadda wasan biya yake ƙarewa, ya dubi Axie Infinity, domin shi ne uban tafiyar. Kamfanin Sky Mavis na ƙasar Biyetnam ne ya fito da shi a 2018, amma bai tashi ba sai lokacin kullen korona, da mutane a Filifin suka rasa ayyukansu suka gano cewa za a iya cin abinci da shi. Kana buƙatar dabbobin wasan guda uku kafin ka fara. Kana kai su faɗa, in ka ci a ba ka wani sulalla mai suna SLP, ka sayar ka karɓi kuɗin ƙasarku. A watan Yulin 2021 SLP ɗaya ya kusa santi 40 na dala. A garuruwa irin su Cabanatuan, tsofaffi da matan aure da direbobin keke mai ƙafa uku duk sun shiga. Zuwa Nuwamba na shekarar ana maganar mutum miliyan 2.7 a kullum, fiye da kashi ɗaya cikin uku daga Filifin.

Da dabbobin suka yi tsada har guda uku suka kai ɗaruruwan daloli, wani lokaci ma wajen dubu, sai aka ƙirƙiro wata dabara da duk ɗan Kano zai gane ta nan take. Mai kuɗi ya sayi dabbobi ya ba talaka aro, talaka ya yini yana wasa, a raba abin da aka samu. Mai Adaidaita da direbansa ke nan, a kawo balas da yamma. Sun ba abin suna mai daɗi, wai tallafin karatu, mai dabbobin kuma manaja. Har kamfanoni aka kafa a kan wannan sana'a, irin su Yield Guild Games. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Tambayar da ba a cika yi ba a lokacin ita ce, shi SLP ɗin wa ke saye, kuma don me? Amfaninsa a cikin wasan shi ne haifar da sababbin dabbobi. Sababbin dabbobin kuma sababbin shiga ne ke sayensu, su ma don su samu SLP. Ashe albashin na jiya daga aljihun na yau yake fitowa. Ban ce masu Axie 'yan damfara ba ne, wasa ne na gaske da aka sha wahalar ginawa. Amma duk wanda ya ga abin da ya faru da MMM a Najeriya a Disambar 2016 ya san ƙarshen lissafin da ya dogara da sababbin zuwa. Adashi ma ya fi shi tsari, don a adashi an san adadin masu zubi kuma kowa abin da ya zuba zai kwasa. Tun a Nuwambar 2021 wani bincike na kamfanin Naavik ya nuna cewa abin da akasarin masu wasan aro ke samu ya faɗi ƙasa da mafi ƙarancin albashin Filifin. Farkon Fabrairun 2022 SLP bai kai santi ɗaya ba. A watan Maris kuma aka yi wa gadar Ronin, hanyar shige da ficen kuɗin wasan, satar da ta haura dala miliyan 600, wadda gwamnatin Amurka ta ɗora wa gungun Lazarus na Koriya ta Arewa. Mutane da yawa suna cewa satar ce ta kashe Axie. A'a, ta tarar da shi a kwance ne.

Su wa suka tafi? Kusan kowa. Kuma ba butulci suka yi ba. 'Yan ci-rani ne, sun zo neman kuɗi, da aiki ya ƙare suka ɗaure kayansu. Ba a tambayar ɗan ci-rani me ya sa bai gina gida a garin ba.

A bayan layinmu akwai wani gidan gem, shago ɗaya mai talabijin huɗu da ƙaramin janareta da ke tari kamar mai asma. Yara suna tara kuɗin tara na makaranta su kai can su buga ƙwallo a PlayStation. Su ne ke biya. In an ɗauke wuta man janareta ya ƙare, suna zaune cikin zafi suna jira. A gindin darbejiyar ƙofar gidanmu dattawa sun fi shekara ashirin suna dara, ba wanda ya taɓa ba su ko sisi, in ma akwai abin da suke samu, faɗan matansu ne a kan abinci ya huce. Wasa mai daɗi yana riƙe mutum da kansa, har ya tatse shi yana murna. To in ka ga wasan da sai an biya mutum kafin ya yi shi, masu shi sun riga sun faɗa maka ra'ayinsu a kan daɗinsa. Kuma ko da asalinsa mai daɗi ne, kuɗi na shiga yake lalata shi. Mutum ya daina zaɓar abin da ke burge shi ya koma zaɓar abin da ya fi kawowa. Ya buɗe asusu na biyu, da na biyar. Wanda ya fi wayo ya ɗora manhaja ta riƙa buga masa yana barci. Ƙanena bai taɓa yin dariya ba yana dangwale, na lura da wannan. Fuskarsa irin ta mai cike fom ce.

Shi rubutu dama can aiki ne, kuma dama can mutane suna yinsa kyauta. Dubi yadda Bahaushe ke zuba dogon sharhi a Facebook tun kafin a fara biyan kowa. Abin da yake nema a karanta, a ce ya iya, a yi masa raddi ya rama. In ka ɗora kuɗi a kan wannan, ƙari ka yi masa. In ka janye kuɗin, dalilin farko yana nan.

Steemit ne ya fara gwada wannan da gaske. Ned Scott da Dan Larimer suka kafa shi a 2016 a kan bulokcen ɗin Steem, aka yi rabon farko ranar 4 ga Yulin shekarar. Tsarinsa, wanda Hive, dandalin da ya ɓalle daga gare shi, ya gada daga baya, shi ne kullum ana ƙirƙiro sababbin sulalla a zuba a wani asusu na bai-ɗaya. Ka yi rubutu, mutane su kaɗa maka ƙuri'a, bayan kwana bakwai a lissafa a biya. Tun 2019 rabin ladan na marubuci ne, rabi na waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar. Sai dai ƙuri'a ba ɗaya ba ce. Nauyinta gwargwadon jarin da ka kulle a dandalin ne, kuma in za ka cire jarin a Hive sai ka jira mako 13 ana sakar maka kaɗan-kaɗan. Ƙuri'ar sabon shiga ba ta kai kuɗin ashana ba, ta mai ƙaton jari tana iya biyan kuɗin hayar wata.

Kowa ya san abin da wannan zai haifar. Fadanci. A ɗaya daga cikin irin waɗannan dandali na taɓa kwashe kwana biyu ina haɗa rubutu a kan marinar Ƙofar Mata. Na je da kaina, na tsuguna a bakin rami na ɗauki hoton hannun wani dattijo da baba ya rine har gwiwar hannu, na tambayi yadda ake haɗa toka da kanwa, da yadda ake gane cewa ruwan ya nuna. Bayan kwana bakwai na samu abin da bai kai dala ɗaya ba. A saman nawa akwai hoton kofin gahawa da layi biyu na wani da ke da manyan abokai, ya tashi da abin da ya fi albashina na mako. A ƙasan hoton kuwa mutum hamsin suna ta "kai, madalla da wannan basira". Akwai shekarun da ake sayen ƙuri'a a fili a Steem, ka tura wa wata manhaja kuɗi ta kaɗa maka, har shafin farko ya koma na wanda ya fi biya. Akwai ƙungiyoyin kaɗa min in kaɗa maka. Akwai ƙuri'ar ragi, wadda aka yi don maganin masu satar rubutu amma wani mai jari kan yi amfani da ita ya share ladan wanda suka samu saɓani. Ni ma wani ya taɓa bi na da ita har mako uku saboda na yi masa gyara a bainar jama'a. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 kuma, sai rubutun inji ya ƙaru a kan na ɗan'adam, sumul-sumul ba gishiri. Duk wanda ya ce maka dandalin rubutu aljannar masu basira ce, bai zauna a ciki ba.

Amma ga abin da ya faru a ƙasan wancan rubutu na marina. Wata mata daga Benezuwela, inda tashin farashi ya tura mutane da yawa irin waɗannan dandali, ta bar min tambaya da Turancin da ka san na'ura ce ta fassara shi. Wai kakarta ma tana rini da wani ganye, tana so ta san ko namu ma sai an bar shi ya kwana yana tsami. Na amsa. Ta turo hoton wani tsohon zane na kakar. Daga nan na riƙa karanta nata, labarin layin sayen gas da ɗaukewar wuta, abubuwan da ba sai an yi min dogon bayani ba. Ta ce ba ta taɓa zaton akwai wata ƙasa da ake ihun murna in an kawo wuta ba sai tasu. Bayan shekara biyu mahaifina ya kwanta rashin lafiya na yi wata biyu ban leƙa ba. Da na dawo na tarar da saƙonta a ƙasan tsohon rubutuna, wanda kwana bakwai ɗinsa sun daɗe da wucewa, ba ko sisi da za ta samu a kai: lafiya kuwa, ɗan'uwa? A lokacin sulallan dandalin ba su da wata daraja. Ita ta sa na ci gaba.

Wani zai ce wannan labarin mutum ɗaya ne. To ga na jama'a. Farashin sulallan Steem ya haura dala 8 a Janairun 2018, kafin ƙarshen shekarar ya faɗo ƙasa da santi 30, kamfanin Steemit ya sallami kashi 70 cikin ɗari na ma'aikatansa. Mutane da yawa sun tafi, 'yan ci-ranin rubutu ma akwai su. Amma wasu sun zauna suna rubutu a kan girki da noma da tafiye-tafiye don 'yan santoci. Sai ga babbar jarrabawa a 2020. A watan Fabrairu Justin Sun, mai bulokcen ɗin Tron, ya sayi kamfanin Steemit tare da tarin sulallan da ke hannunsa. Mutanen dandalin suka ji tsoron zai yi amfani da su ya mallake ragamar, shaidu 20 da jama'a suka zaɓa don gudanar da kundin suka daskarar da jarin. Farkon Maris, da taimakon kasuwannin kirifto na Binance da Huobi da Poloniex waɗanda suka kaɗa ƙuri'a da ajiyar abokan cinikinsu, aka tumɓuke shaidun a dare ɗaya aka ɗora nasa. Binance da Huobi sun janye daga baya da surutu ya yi yawa. Abin da ya biyo baya shi ne ya tsaya min a rai. Ranar 20 ga Maris mutanen suka kwafi kundin gaba ɗaya, da rubuce-rubucensu da sunayensu da ajiyarsu, suka kafa Hive, suka bar wa mai saye tambari da kango. Ba kamfani a bayansu, ba wanda ya yi musu alkawarin komai, a makon da duniya ke shiga kulle kasuwanni na zubewa. Gari guda ne ya yi ƙaura da dabbobinsa da tukwanensa. Ban taɓa jin 'yan wasan biya sun yi irin wannan don ceton wasansu ba. In wasa ya mutu, na gaba ake nema.

Dalilin a bayyane yake in ka duba abin da kowannensu ke tarawa. Mai dangwale yana tara maki, kuma makinsa daidai yake da na kowa, ranar rabo a canza shi zuwa kuɗi shi ke nan an rabu. Mai rubutu yana tara suna, da tarihin abin da ya faɗa, da mutanen da suka san muryarsa. Waɗannan ba sa sayuwa a kasuwa, kuma ba a ɗaukarsu a aljihu a kai wani wuri cikin sauƙi. Tashi daga inda aka san ka yana da ciwo, ko da wurin ba ya ba ka komai.

Masu goyon bayan wasa suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Za su ce a kan Hive ɗin da kake yabo, wa ya riƙe fitila? Splinterlands ne, wasan katin da aka fara a 2018 da sunan Steem Monsters ya koma Hive a 2020. A 2021, da suka fito da sulallan SPS suna rabawa kullum har shekara guda, sababbin asusu sun yi ta kwarara, kowanne ya sayi littafin shiga na dala 10, wasan ya daɗe a sahun gaba a jerin wasannin bulokcen. Mu'amalolin da yake jawowa sun ninka na masu rubutu nesa ba kusa ba. Gaskiya ne. Kuma zan ƙara musu da cewa Splinterlands ya fi dangwale nesa, akwai dabara a cikinsa, akwai mutanen da ke sonsa don kansa har yau. Sai dai su kansu 'yan wasan sun daɗe suna kukan cewa manhajoji suke karawa da su, mutum ɗaya na tafiyar da ɗaruruwan asusu. Asusu ba mutum ba ne. Ƙanena shi kaɗai mutum uku ne a alƙaluman wani kamfani, kuma an lissafa mahaifiyarmu a cikin masu sha'awar kirifto alhali ba ta san an yi ba. Da kasuwa ta faɗi, kamfanin Splinterlands ya rage kashi 45 cikin ɗari na ma'aikatansa a Nuwambar 2022. Waɗanda suka rage a wasan, in ka duba, da yawansu su ne masu rubutu a kansa, masu ƙungiya, masu gasa da hira a tsakaninsu. Wato sun zama 'yan gari ta hanyar da masu rubutu ke zama.

Amsarsu ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ita ce ke hana ni ɗaga murya da yawa. Rubutu yana da ƙofa mai tsawo. Direban Adaidaitan majalisarmu bai gama firamare ba, amma dangwale bai tambaye shi takarda ba. Dandalin rubutun kuwa sai ka iya Turanci ko Sifaniyanci, domin masu manyan ƙuri'u da su suke karatu. In ka rubuta da Hausa, komai kyansa, kamar ka yi waƙa a cikin rijiya ne. Don haka in ana maganar wa ya fi buɗe wa talaka ƙofa, wasa ya yi gaba. Abin da nake cewa kawai, buɗe ƙofa daban, samun wurin zama daban. An shigo da shi, an ƙirga shi, an nuna wa masu zuba jari da masu talla yawansu, sannan aka sallame shi da abin da bai kai kuɗin cinikin rabin yini a titi ba.

Akwai kuma wani rauni da dandalin rubutu na bulokcen ke da shi wanda masoyansa ba sa son a taɓo. Kasuwa ce da kowa mai talla ne. Kusan duk wanda ya karanta naka, marubuci ne da ke jiran ka karanta nasa. Mai karatu zalla, wanda ya zo don ya ji daɗi ya tafi, ya yi ƙaranci. Kuma ladan ba daga aljihun mai karatu yake fitowa ba, daga sababbin sulallan da ake bugawa ne, waɗanda darajarsu ta dogara da samun mai saye. Ta wannan fuska su ma ba su tsira daga ciwon Axie ba, nasu dai yana tafiya a hankali ne.

Abin mamaki, maganin wannan yana hannun matan da ke rubuta littattafan Hausa a waya, waɗanda akasarinsu ba ruwansu da bulokcen. Marubuciya za ta saki shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Wattpad, in labari ya kai inda ba a iya haƙuri, ta ce ci gaba sai an biya. Matan aure da 'yan mata su tura 'yan ɗaruruwan nairori ta banki ko katin waya a sa su a guruf. Matata tana cikin irin waɗannan guruf har uku. Na ga yadda ake kwana ana faɗa a kan wata kishiya da ba ta wanzu ba, ana roƙon marubuciya kada ta kashe wane, in ta yi kwana biyu ba ta saki shafi ba a fara tambayar ko lafiya. Masu karatun nan ba a biyansu, su ke biya, kuma suna bin marubuciyarsu daga littafi zuwa littafi shekara da shekaru. Babbar matsalarsu masu kwafe littafi su watsa shi kyauta. In da mai gina dandali zai saurare ni, da na ce ya bar ƙirga asusu ya je ya zauna da waɗannan matan. Su suna da abin da ya rasa, wato jama'ar da ke dawowa da kuɗinsu a hannu. Shi kuma yana da abin da zai iya yi musu amfani, kundin da ke tabbatar da wa ya fara rubuta me, da hanyar karɓar kuɗi daga mai karatu a Yamai ko Kumasi ko Jidda ba tare da wahalar banki ba. Ko ya ƙara wasa a gefe ba laifi, amma ya zama irin na gidan gem, wanda za a yi ko ba a biya.

Majalisarmu ta sake yin shiru na 'yan kwanaki a Fabrairun 2025, lokacin da Pi, wani sulallan da ake tarawa a waya, ya shiga kasuwa bayan shekara shida ana jira, sannan musu ya ci gaba daga inda aka tsaya. Ƙanena yanzu yana koyon gyaran waya a wurin mutumin da ya ara masa mai fasasshen gilashin nan. Na tambaye shi ko cikin mutum sittin da wani abu da ya gayyata wasannin nan akwai wanda suke gaisawa ta dalilin wasan. Ya yi tunani ya ce akwai guda biyu da har yanzu suke jin haushinsa. Makon jiya kuma sai ga shi ya turo min wani sabon link da dare, da safe ya tare ni a ƙofar gida. "Yaya, wannan daban ne wallahi, manyan kamfanoni ne a bayansa." Na ce to, ya sunan wasan? Sai da ya ciro waya ya duba.